Dogon Ɗaki Ba Tsakar Gida Ba Ne: Martani Kan Gidan Gyaran Hali Na Kiru

Wani marubuci, wanda zan riƙa kira Malam, ya yi sharhi kwanan baya a kan gidajen da hukuma ke ajiye mutane don ta kula da su. Ya kafa misali da makarantar gyaran hali ta Kiru, ya haɗa da gidajen gajiyayyu da na marayu na cikin Kano. Shawararsa ita ce, duk sa'ad da za a gina irin waɗannan gidaje ko a yi musu kwaskwarima, kada a ɓarnatar da kuɗi wajen yanka ƙananan ɗakuna. A yi dogayen ɗakuna masu cin gado talatin ko arba'in, nan kwana, nan hira, nan ma cin abinci in ta kama.

Zan kawo hujjojinsa yadda shi da kansa ba zai ce na rage masa komai ba. Ya ce Bahaushe mutumin jama'a ne, cikin taro aka haife shi, cikin taro ya tashi, saboda haka ɗakin mutum ɗaya baƙon abu ne da muka aro daga Turai, inda tsoho ke cikawa a ɗaka ba mai sani sai bayan kwanaki. Ya ce kaɗaici ciwo ne, kuma saurayin da shaye-shaye ya kama, in aka bar shi daga shi sai tunaninsa, to shaiɗan ya samu abokin hira. Ya ce idon jama'a tsaro ne, ɓarnar da za a yi a ƙuryar ƙaramin ɗaki ba za a yi ta gaban mutum arba'in ba. Sannan ya zo kan kuɗi: jihar da masu buƙata suka yi wa yawa haka ba ta da halin yi wa kowa turaka.

Maganar yawan masu buƙata gaskiya ce, ba na ja. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya, kuma Kano kaɗai tana da fiye da miliyan ɗaya. Gidan Kiru, wanda gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta sa cikin jerin cibiyoyinta na horaswa tsakanin 2011 da 2015, ko an ninka shi goma ba zai ɗauki abin a zo a gani daga wannan adadi ba. Kaɗaici kuma ciwo ne, na yarda. Inda muka rabu da Malam shi ne maganin da ya rubuta, da kuma sunan al'adarmu da ya liƙa wa maganin.

Mu fara da al'adar, tunda a kanta ya fi bugun ƙirji. Ina gayyatar Malam ya sauka a Kafin Maiyaki ko Kwanar Dangora, ya yi sallama a duk gidan gandun da ya ga dama, irin gidan da mutum arba'in ke ci daga rumbu ɗaya. Kada ya ƙirga mutane, ya ƙirga ƙofofi. Zai fara da zaure, inda baƙo ke tsayawa, inda maigida ke cin tuwon dare da maƙwabta. Daga nan ƙofar gida, da shagon samari a gefe. Sai shigifa, wadda aka karkatar da ƙofarta da gangan don kada idon na waje ya faɗa ciki. Sai sassa, kowane ɗa mai iyali da nasa. A cikin kowane sashe kowace mace da ɗakinta, maigida da turakarsa in hali ya yi. Kishiyoyi kan haɗa murhu, su haɗa turmi, su haɗa rijiya da igiyar shanya, amma Malam ya taɓa jin an haɗa su ɗakin kwana an zauna lafiya? Wanda ya gwada, alƙali zai ji labarinsa kafin damina ta faɗi. Ko Fulanin da ke kiwo a gefen dajin Falgore, waɗanda gidansu kara ne da ciyawa, kowace mace bukkarta daban.

Sannan ya leƙa ɗakin tsohuwar gidan, in ta yi masa izini. Ɗan tsukuku ne, amma duniyarta na ciki: adakarta, 'yar randarta, goronta a ƙulle cikin tsumma mai laima, carbinta a rataye jikin ƙusa, da wani ƙullin kuɗi da ita kaɗai ta san inda ta tura shi. Hantsi na yi za ta fito ta shimfiɗa tabarma bakin ƙofa, ta jawo ƙwaryar gyaɗa tana ɓara, jikoki na hawa kanta, matan gida na kawo mata ƙara tana yanke hukunci. In surutu ya ishe ta sai ta kwashe tabarmarta ta shige, ta saki asabari. Daga wannan lokaci ko babban ɗanta sai ya yi sallama. Wannan tsohuwa tana cikin jama'a daga safe har dare, kuma abin da ya sa zaman bai gundure ta ba shi ne tana da inda za ta shige in ta so. Magabata da suka ce zo mu zauna zo mu saɓa sun san abin da suke faɗa, shi ya sa suka yi wa kowa bango.

To dogon ɗaki mai gadaje a jere, layi biyu suna kallon juna, daga ina ya zo mana? Daga bariki ya zo, da kurkuku, da makarantar kwana, da asibitin Turawa. Irin wannan fasali na asibiti, mai cin gado wajen talatin, Florence Nightingale ce ta yayata shi a Ingila bayan yaƙin Kirimiya, kuma a kansa aka gina sabon asibitin St Thomas da aka buɗe a Landan a 1871. Amfaninsa a wurinta shi ne iska ta ratsa, kuma ma'aikaciya ɗaya ta iya ganin kowa da kallo ɗaya. Wato dai abin da Malam ke karewa da sunan gadon kakanni shi ne kayan aron, wanda yake kora da sunan baƙo kuwa shi ne ɗan gida. Na san zai ce ai almajirai na kwana zaure ɗaya. Suna kwana, amma lalurar baƙunta ce da rashi, ba wanda ya taɓa kiran hakan gata. A tsangaya ma, da zarar yaro ya zama gardi sai ya kafa 'yar bukkarsa.

Addini kuma bai bar mu cikin duhu ba. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ware lokuta uku, kafin asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan lisha, ta ce ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shigo wa manya. Hadisi ya yi umarni a raba wa yara makwanci in sun kai shekara goma. Yaran da uwa ɗaya ta haifa ke nan. Ina kuma ga samari arba'in da ba su san juna ba, waɗanda 'yan sanda ko iyaye suka kawo daga ƙananan hukumomi daban-daban, kowa da irin tabon da ya zo da shi? A ɗakin da ba shi da ko labule, a wane lokaci cikin ukun nan mutum zai samu suturarsa?

Sai batun tsaro, wanda a nan ne na fi mamakin Malam, domin abin bai daɗe da faruwa ba. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, wasu da mari a ƙafa, da yawa da tabon duka, wasu kuma suka ba da labarin lalata da aka yi da su. Wata mai bi aka fasa wani a Daura. Kafin nan, a 2018, shirin BBC kan maganin tari mai kodin ya nuna wa duniya samari ɗaure da sarƙa a gidan gyaran hali na Ɗorayi a Kano. Waɗannan mutane ba a ɓoye suke ɗaya-ɗaya ba. A cunkushe suke, kowa na ganin kowa. Ina idon jama'ar ya tafi? Yana nan, ya ga komai, bai da bakin magana ne kawai. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san dogon ɗaki da gwamnatinsa yake zuwa: akwai shugaban ɗaki, akwai 'yan korensa, akwai wanda gadonsa ke bakin taga da wanda aka tura kusa da bokitin fitsari, akwai yaron da naman miyarsa ba nasa ba ne. Fitila na mutuwa mulki ya koma hannun mai ƙarfi, mai gadi kuwa yana can bakin ƙofa da tocilarsa, barci ya ɗauke shi. Mutum talatin da tara sun gani, kuma dukansu sun san a ɗakin za su sake kwana gobe.

Akwai kuma karatun da ake yi bayan an kashe fitila, wanda ba ya cikin manhaja. Yaron da aka kawo don ya fara shaƙar sholisho, gadonsa na jikin na wanda ya shekara goma yana dillancin tiramol da wiwi. Wata shida suna raɗa. Zama da maɗaukin kanwa fa? In rukuni ƙarami ne, ma'aikaci na iya zaɓar wa zai haɗa da wa, ya raba sabon shiga da tsohon hannu, ya raba ɗan shekara goma sha shida da ɗan talatin. A ɗakin mutum arba'in ba zaɓi, duk wanda mota ta sauke sai a nuna masa gadon da ba kowa.

Wuri ɗaya zan ba Malam gaskiya a nan. Kwanakin farko da ƙwaya ke sakin jikin mutum, lokacin gumi da makyarkyata da amai da rashin barci, da kuma duk wanda ake tsoron zai cutar da kansa, bai kamata a rufa masa ƙofa a tafi ba. Wannan yana buƙatar ɗakin jinya kusa da ma'aikacin lafiya da ke farke. Amma jinya ce ta kwanaki, kuma idon ma'aikaci take so. Ba hujja ba ce ta a mayar da duk zaman gidan, wata da watanni, zaman ɗakin jinya.

Gajiyayyu fa, waɗanda Malam ya haɗa cikin lissafi ɗaya? Na taɓa kai ziyara wani gida irin wannan, ba sai na faɗi garin ba. Aka buga ƙarfen abincin rana kowa ya fita da kwanonsa, sai wani dattijo ya ƙi motsi, yana zaune bakin gado ya ja bargo har ƙugu ga zafi kamar ya tsaga ƙasa. Sai da ɗakin ya yi shiru ya jawo wata leda daga ƙarƙashin matashi, ya zaro wando, ya shiga kiciniyar sauyawa a ƙarƙashin bargon, idonsa na kan ƙofa. Fitsari ne ba ya riƙe masa. Mai kula da su ta ce mini daga la'asar ba ya yarda ya sha ruwa, don gudun abin da dare zai jawo. Mutumin da wataƙila ya aurar da 'ya'ya, ya yi limancin wani masallaci ko ya riƙe wata kasuwa, ya zaɓi ƙishirwa da sanyin tuwo a kan a gan shi. Malam ya gaya mini wane zumunci wannan dattijo ya samu a dogon ɗaki. Labule ɗaya na yadi huɗu da ya ba shi damar shan ruwa.

Abin da masu ra'ayin Malam ba su lura da shi ba ke nan: cunkoso ba ya korar kaɗaici. Wanda ba shi da inda zai janye, sai ya janye cikin kansa. Ka shiga irin ɗakin nan da rana tsaka ka gani, rabin mutanen sun juya wa juna baya, fuska a bango, mayafi har ka. Hira da son rai ake yin ta. Masanin zamantakewa Erving Goffman ya bayyana wannan tun 1961 a littafinsa kan gidajen masu taɓin hankali, inda ya nuna abin da ke faruwa ga mutum idan barcinsa da aikinsa da hutunsa duk suka koma wuri ɗaya, ƙarƙashin hukuma ɗaya, cikin ayarin da ake kaɗawa tare: a hankali sai ya daina zama wane ɗan wane, ya koma mai gado na goma sha bakwai.

Ta fuskar lafiya ba sai na ja zance ba. Mu da muka ga sanƙarau na 1996, wanda ya kashe mutum fiye da dubu goma a arewacin ƙasar nan, muka ga mashaƙo ya yi sansani a Kano a 2023, muke kuma fama da tarin fuka kullum, mu za a koya wa abin da numfashin mutum arba'in ke yi a rufaffen ɗaki cikin watan Afrilu? Ƙazuwa da kuɗin cizo kuwa ba a ma maganarsu. A lardin Ontariyo na Kanada, binciken da aka buga a 2020 ya gano gidajen tsofaffi masu cunkoso sun yi kusan ninki biyu na marasa cunkoso wajen kamuwa da korona da kuma mutuwa. Can ɗakin mutum huɗu ake kira cunkoso.

Malam ya kuma yi wata dabara da ya kamata a tona. Ya riƙa magana kamar ɗakin mutum da ɗakin horo abu ɗaya ne. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sa wa sunan Mandela a 2015, sun fayyace kullen kaɗaici da cewa a tsare mutum awa 22 ko fiye a rana ba tare da wata hulɗa ta kirki ba. Ba wanda ya nemi wannan. Bambancin yana ga sakata: ta ciki ce ko ta waje? Ɗakin da ƙofarsa ke buɗewa kan tsakar gida, mai shi ya fita sa'ad da ya so ya dawo sa'ad da ya gaji, ba shi da dangantaka da kurkuku.

Kuma ba yau aka fara irin wannan tsari ba, ba kuma Turawa suka fara ba. Asibitin Argun da aka gina a Halab ta ƙasar Sham a 1354 ƙananan ɗakuna ne kewaye da 'yan tsakar gida masu ruwa a tsakiya, don masu taɓin hankali. A nan gida, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta a 1954: maimakon ya tara masu jinya a dogon ɗaki, sai ya sama musu masauki a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da wani ɗan'uwansa, da rana su zo asibiti. Duniya ta yaba masa. Amurkawa kuwa sai 2003 suka fara gina wa tsofaffi ƙananan gidaje a garin Tupelo, mutum goma zuwa goma sha biyu, kowa da ɗakinsa, madafi ɗaya a tsakiya da dogon teburin da ake ci tare. Suna ta rubuce-rubuce a kai kamar sun gano sabuwar nahiya. Duk maginin gargajiya na Bebeji zai zana musu wannan da yatsa a ƙasa, bai karɓi ko sisi ba.

Saura kuɗi, kuma nan ne ainihin zancen yake, sauran duk ado ne. Gaskiya ne bango kuɗi ne, ƙofa kuɗi ce. Amma faffaɗan ɗaki ma ba kyauta yake rufuwa ba, sai da dogayen katakai ko ƙarfe, alhali ƙaramin ɗaki gajeren itace ya ishe shi, abin da ya sa kakanninmu masu azara ba su yi faɗi da ɗaki ba. Gidan da ake koya wa samari sana'a, ina laifin darasin farko na masu koyon gini da kafinta da walda ya zama bangon ɗakinsu da ƙofarsa da akwatin da za su sa wa kwaɗo? Abin da dogon ɗaki ke ragewa da gaske albashi ne: mutum ɗaya ya tsare arba'in. In haka ne a faɗa a fili, a ce ba mu da niyyar ɗaukar ma'aikata, sai mu yi muhawara a kan wannan. Amma kada a tara bayin Allah kamar buhunan masara a sito, sannan a ce zumunci ake raya musu. Ban taɓa jin an ce tunda zaman tare gadonmu ne, a haɗa kwamishinoni ofis ɗaya da banɗaki ɗaya ba. Al'adar nan kullum kan talaka take tashi. Araha kuma ba ta ado: yaron da ya fito ya fi yadda ya shiga lalacewa, gwamnati za ta sake biya, ko a Kiru, ko a asibitin Dawanau, ko a gidan yarin Kurmawa.

Ni mai son zaman tare ne fiye da Malam, shi ya sa nake so a yi masa wurin kirki. A raba gida sassa-sassa, kowane sashe mutum goma ko goma sha biyu da ma'aikacinsu da ya san sunan kowa da sunan garinsu. Samari su kwana uku ko huɗu a ɗaki, kowa da akwatinsa. Tsoho da mara lafiya a ba shi nasa, in bai samu ba a yi rabin bango da labule kafin hali ya yi. Ƙofofin duka su kalli tsakar gida, tsakar gidan kuma ta zama mai rai: inuwar darbejiya ko mangwaro, randa, tabarmi, ramukan dara, rediyo, wurin alwala, da aikin hannu da zai sa mutum ya fito, ko sussukar masara, ko ɗinkin hula, ko kitso da lalle a ɓangaren mata. Babban ɗaki da aka jera wa kujerun roba a jikin bango, da talabijin a sama yana jiran wuta, ba wanda ke zama cikinsa sai ran da manyan baƙi za su zo da masu ɗaukar hoto.

A kuma yi zaure na baƙi. Uwar da ta taso tun asuba daga Riruwai ko Doguwa, ta sauya mota a Tudun Wada, ta ƙullo ɗan ƙuli-ƙuli da yaji a bakin zane, tana da maganar da za ta yi da ɗanta wadda ba ta kunnen mutum talatin ba ce. Wataƙila zai yi kuka, wataƙila zai roƙi gafara, wataƙila zai gaya mata wanda ke dukansa da dare. A bakin gado, abokan ɗaki na zazzare ido, ba zai faɗi ko ɗaya ba, zai ce lafiya lau ya karɓi ledar.

Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin mutunci a sashe na 34, da haƙƙin sirri a sashe na 37, bai cire mashayi ko gajiyayye ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma doka ba ta gina bango. Saboda haka in Malam zai sake ɗaukar alƙalami a kan Kiru, ko duk wani gida da za a sa a kasafin kuɗin jiha, ina roƙonsa ya bar mana kirarin zumunci, ya taya mu tambayar 'yan majalisarmu na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa abin da zanen ginin ya ƙunsa: mutum nawa a ɗaki, ma'aikaci nawa ke farke da dare, a ina uwa za ta gana da ɗanta, kuma ta wane gefe aka sa sakata.